Kafin Ka Ɗora Walet ɗin Kirifto a Kwamfutar Gida

 

Shugaban wannan zama, malamaina da iyayena da ke zaune a gaba, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Na gode da kuka ba ni wannan dama. An ce in yi magana kan yadda mutum zai ɗora walet ɗin kirifto a kwamfutarsa ta gida ba tare da an yashe shi ba. Tun da wuri bari in faɗa, ban zo tallar kirifto ba, ban kuma zo hana kowa saye ba. Batun halas da haram na malamai ne, sun yi magana, sun saɓa, kowa ya san wanda yake bi. Abin da ya kawo ni shi ne mutanenmu sun riga sun shiga. A 2023 da 2024 kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin hada-hadar kirifto, ya sanya Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar wannan harka, Indiya kaɗai ke gabanta. Wanda ya ga yadda samarinmu suka duƙufa dannar fuskar waya a 2024, lokacin da Notcoin ta fashe aka koma kan Hamster Kombat, ba sai an kawo masa alƙaluma ba. Gwamnati ma ta sassauta: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar hukumar SEC.

Sunan nan walet shi ne farkon ruɗi. Da an ce walet sai mutum ya tuna lalitar da ke aljihunsa, ya ɗauka kuɗin suna kwance a cikin kwamfutar. Ko sisi babu a ciki. Kuɗin rubutu ne a wani kundi na bai-ɗaya da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa tun da Bitcoin ya fara aiki ranar 3 ga Janairun 2009. Kundin yana cewa adireshi kaza yana da kaza. Abin da walet ke riƙe maka mabuɗi ne, wata doguwar lamba ta sirri da ke ba ka ikon motsa abin da ke adireshin. Wanda ya samu mabuɗin shi ne mai kuɗin, kundin ba ya tambayar sunansa, ba ya tambayar ta ina ya samo.

Ku kwatanta da banki. Ka manta lambar sirrin katinka, sai ka je reshe da BVN da katin ɗan ƙasa, ka bi layi, ka cike fom, a gyara maka. Aka cire maka kuɗi ba da saninka ba, akwai manaja, akwai 'yan sanda, akwai kotu, ko da za ka sha zirga-zirga. A nan babu reshe, babu manaja. Kuɗi in sun fita sun fita, ko wanda ya ƙirƙiro manhajar ba shi da ikon dawo da su.

To me zai sa mutum ya ɗauko wa kansa wannan nauyi, bai bar kuɗinsa a kasuwar intanet inda ya saya ba? Saboda an ga jiya. A Fabrairun 2014 kasuwar Mt. Gox da ke Tokiyo, wadda ta taɓa fin kowace girma, ta rufe ta ce Bitcoin kusan 850,000 sun ɓace. Masu ajiya sun yi shekara 10 suna jira kafin a fara biyan su wani abu. A Nuwambar 2022 FTX ta durƙushe, daga baya kotu a Amurka ta ɗaure mai ita, Sam Bankman-Fried, shekara 25. A nan gida kuma ba mu manta da CBEX ba a Afrilun 2025, ko da yake ita ba kasuwa ba ce, adashin 'yan damfara ce irin MMM ta 2016, aka sa mata rigar kirifto. Masu gudun irin wannan su ne ke cewa gara mabuɗina a hannuna. Suna da gaskiya. Sai dai ɗaya gefen ma yana da nasa gawarwakin. James Howells, mutumin Newport a yankin Wales na Birtaniya, an zubar masa da ma'ajiyar tsohuwar kwamfutarsa a juji a 2013, da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a ciki. Ya shafe shekaru yana roƙon hukumar garin ta bar shi ya tone jujin, ta ƙi, a Janairun 2025 kotu ta kori ƙararsa. Stefan Thomas, masanin kwamfuta ne ma, yana da Bitcoin 7,002 a kulle cikin wani filas mai ba da damar gwada kalmar sirri sau 10 kacal. Ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar, ya gwada sau 8 bai dace ba. Waɗannan biyun babu ɓarawon da ya taɓa su.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe, wato kwamfutar kanta. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, Malam, wane walet ne ya fi tsaro? Ni kuma sai in ce, wa ya ɗora maka Windows ɗin da ke kwamfutarka?

Mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne. Ka saya a kasuwa, mai shagon ya ce zai cika maka ita, ya zuba maka Windows da Office da CorelDraw da Photoshop, ya ƙara da finafinai kyauta, duka a kan ɗan abin da bai kai kuɗin lasisin ko ɗaya daga cikinsu ba. Waɗannan manhajoji fasassu ne, an ɓalle musu kulle. Kuma domin fasasshiyar manhaja ta zauna, sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar kariya daga bairos, domin in tana raye za ta yi ihu. Mai shagon ba mugu ba ne, shi ma a intanet ya tsinto, bai san abin da ke ciki ba. A Disambar 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana cewa ana raba jabun KMSPico, ƙaramar manhajar nan da ake yaudarar Windows da ita ta ɗauka an biya lasisi, da wani ɓarawo mai suna Cryptbot a ɓoye a cikinta. Aikinsa shi ne ya laluba kwamfutar, ya kwashe kalmomin sirrin da ke burauza, ya nemi fayilolin walet irin su Electrum da Exodus da Atomic, ya aika wa ubangidansa. Windows ɗin kuwa za ta tashi lafiya ƙalau, ba za ka ga alamar komai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, jama'a. Wanda ya zauna ya fasa manhajar dala ɗaruruwa ya raba kyauta, ta wata hanyar zai fanshe.

Ƙara da yadda muke zama da kwamfuta a gida. Ta maigida ce, amma uwargida na kallon fim a kanta, ƙani na sauke wasan ƙwallo, ɗalibar gidan na kai filas shagon buga takardu ta dawo ta soka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce. Ga kuma tsufa: Microsoft ta daina aiko da gyaran tsaro ga Windows 7 tun Janairun 2020, ta kuma rufe na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan, a buɗe za ta zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana. Kwamfutar da ke ɗauke da fasasshiyar manhaja ko guda ɗaya, kada a ɗora mata walet. Kada ka ce za ka goge waccan manhajar kawai, domin abin da ta shigo da shi ba ya bin ta ya fita. Kwashe takardunka da hotunanka, a share kwamfutar tas, a ɗora Windows ta asali da aka sauko da ita daga shafin Microsoft. In kuɗin lasisi ne matsala, akwai Ubuntu, kyauta ce ta halas, kuma Electrum da Sparrow da Bitcoin Core duk suna aiki a kanta. Bayan nan a bar ta ta sabunta kanta har ta gama, ko da data za ta ci, a bar mai gadin a kunne, a buɗe wa yara asusunsu daban wanda ba shi da ikon girka komai, a kuma kulle ma'ajiyar da BitLocker, ko FileVault ga mai kwamfutar Apple, domin in an sace kwamfutar ɗungurungum ɓarawon ya tashi da ƙarfe kawai.

Zaɓin walet ɗin kuwa bai kai wahalar da ake ba shi ba. Bitcoin Core shi ne uban gayya, yana sauke kundin gaba ɗaya ya tantance da kansa, bai dogara da kowa ba. Amma kundin ya haura gigabait 600. Ana iya saita shi ya riƙa zubar da tsoffin shafuka don kada ya cika ma'ajiya, sai dai duk da haka sai ya sauke su tukuna. Da tsadar data da halin wutar lantarkinmu, ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. Electrum, wanda Thomas Voegtlin ya fitar a 2011, mara nauyi ne, cikin mintuna ya tashi, Bitcoin kaɗai yake riƙewa. Sparrow ma haka. Mai son riƙe kuɗaɗe iri-iri yakan nufi irin su Exodus, mai harka da Ethereum kuma MetaMask, wanda ke zaune a cikin burauza. Wannan na ƙarshen ina ɗari-ɗari da shi a kwamfutar da ake yawon intanet da ita, domin burauza ita ce ƙofar gidan da kowane baƙo ke bi. In dole ne, a ware masa burauza guda da ba a komai da ita sai shi. Abin da nake dubawa a walet shi ne shekarunsa, da ko rubutun manhajar a buɗe yake kowane masani ya duba, da ko ni ke riƙe da mabuɗin. Kyan fuska ba ya cikin lissafi. Atomic Wallet kyakkyawa ce, mai sauƙin aiki, amma a Yunin 2023 aka kwashe wa masu amfani da ita abin da kamfanin Elliptic ya ƙiyasta ya haura dala miliyan 100, aka kuma danganta aikin da gungun Lazarus na Koriya ta Arewa.

Ka zaɓa, saura saukewa. Nan ne ramin da ya fi cin mutane, har da tsofaffin hannu. Ka rubuta sunan walet a Google, abin da zai fara fitowa sau da yawa talla ce, kuma talla mai kuɗi ke saye, ɓarawo ma yana da kuɗi. Zai gina shafi sak irin na asali, ya sauya harafi ɗaya a adireshin. Don haka adireshin da hannunka za ka rubuta: electrum.org, bitcoincore.org, ba ta mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp ko Telegram ba, ba kuma daga filas ɗin aboki ba, ko da amininka ne.

Ku saurari abin da ya faru da Electrum, domin darasi ne babba. A Disambar 2018 wasu suka kafa nasu sabobin na bogi a cikin waɗanda walet ɗin ke tuntuɓa. Mutum ya zo tura kuɗi, sai saƙo ya fito a cikin manhajar kanta, a cikin Electrum na gaskiya, yana cewa akwai matsalar tsaro, a sauke sabon samfuri daga wannan mahaɗi. Wa zai yi zargi? Wanda ya bi mahaɗin ya sauke jabu, jabun ya share masa asusu. Masu manhajar sun toshe ɓarakar, amma tsoffin samfura suna nan a kwamfutocin mutane. A Agustan 2020 wani da bai buɗe walet ɗinsa ba tun 2017 ya ɗora tsohon samfuri, saƙon ya fito masa, ya bi, ya rasa Bitcoin 1,400, kimanin dala miliyan 16 a lokacin. Shagunan manhaja na manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2021 jabun manhajar walet ta Trezor ta shiga shagon Apple, mutum ɗaya ya rasa Bitcoin 17 ta dalilinta. A Nuwambar 2023 jabun manhajar walet ta Ledger Live ta zauna a shagon Microsoft ta tara fiye da dala rabin miliyan kafin a cire ta.

Akwai hanyar gane na gaske, kuma kun san irinta. Kun sayi maganin zazzaɓin cizon sauro mai ɗan wurin kankarewa a jikin kwali, ka kankare ka tura lambar a amsa maka ko na asali ne. Manhaja ma tana da nata. Kowane fayil yana da zanen yatsa, ana kiransa SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64. In aka taɓa ko ɗigo ɗaya a fayil ɗin, jerin gaba ɗaya zai sauya. Masu Bitcoin Core suna wallafa nasu a shafinsu. Kai kuma a Windows ka buɗe PowerShell, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin da ka sauke, ka kwatanta. Sai dai ku lura da wani abu: in shafin da ka shiga na bogi ne, zanen yatsan da ke kansa ma na bogi ne, za su dace da juna, ɓarawo ya ba wa kansa shaida. Shi ya sa ake da mataki na gaba, sa hannun masu manhajar, wanda ake tantancewa da manhajar GPG. A Windows ana samun ta cikin Gpg4win. Electrum yana wallafa irin wannan sa hannu kusa da kowane fayil. Na san rabin zauren nan ba za su yi ba, ranar farko takan ci awa guda ana fama. Amma manhajar kariya takan yi wa Electrum na gaskiya ihu a wasu lokuta, takan kuma yi shiru a kan jabu, to da me za ka raba gardama in ba da sa hannun ba? In kuɗin da za ka ajiye sun kai albashinka na wata uku, awa guda ba ta yi yawa ba. Nemi wanda ya iya ya zauna kusa da kai ka yi da hannunka, ya tashi ya tafi kafin a zo mataki na gaba.

Na ce ya tafi, domin mataki na gaba ba ya son ido biyu. Da ka buɗe sabon walet zai nuna maka kalmomin Turanci 12, wani 24. Tsarin da yawancin walet ke bi an tsara shi a 2013, ana kiransa BIP39, yana zaɓo kalmomin ne daga jerin kalmomi 2,048. Yawan hanyoyin da kalmomi 12 za su iya jeruwa lamba ce mai ɗauke da alƙaluma 39, ba mai cankarta. Daga waɗannan kalmomi ake haifar da duk mabuɗanka. Kwamfutar ta ƙone, ta faɗa rijiya, an sace ta, in kalmomin na hannunka ka sayi wata ka dawo da komai. Wani ya gan su, yana zaune a wata nahiya zai kwashe komai, kwamfutarka na kashe a cikin jaka. Kalmar sirrin da kake sa wa walet ɗin wani abu ne daban, ita fayil ɗin da ke wannan kwamfutar kawai take karewa. Mutane da yawa suna haɗa biyun, su ƙawata kalmar sirri, su yi sakaci da kalmomi 12.

Biro da takarda. Ba hoto, domin hoton waya yakan hau intanet da kansa. Ba tura wa kai a WhatsApp, ba ajiyewa a Gmail, ba bugawa a shagon buga takardu. Har manhajojin da aka yi musamman don adana kalmomin sirri ban yarda a sa waɗannan a ciki ba: a 2022 an kutsa LastPass aka kwashi rumbunan masu amfani da ita, daga baya masu bincike suka danganta satar kirifto mai yawa da waɗanda suka ajiye kalmominsu a can. Rubuta su a jere da lamba, da haruffa masu kyau, ka rubuta sunan walet ɗin a gefe, domin Electrum yana da nasa tsarin kalmomi wanda ba kowane walet ke karɓa ba.

Takarda kuma tana da nata maƙiyan, kuma a ƙasar nan mun san su: gara, ɗigar rufi da damina, gobarar hunturu, da yaron da ke neman abin kunna gawayi. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwa ya yi wa takardu a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Yi kwafi biyu, a gida biyu daban. Masu hali sukan buga kalmomin a jikin farantin ƙarfe mara tsatsa. In za ka yi haka da kanka za ka buga, kada ka kai wa maƙeri.

Sannan ka gwada, wannan kuwa kusan ba mai yi. Tura abin da bai fi kuɗin cefanen yini ba zuwa sabon walet ɗin. Goge walet ɗin daga kwamfutar. Sake buɗe shi da takardar da ka rubuta. In kuɗin sun bayyana, takardarka ta yi. Wani matashi ya taɓa zuwa wurina da kwamfutarsa ta mutu, ya fito da takardarsa cikin nutsuwa, muka ƙirga kalmomi muka samu 11. Ya tsallake ɗaya ranar da yake kwafa, shekara biyu bai sani ba. Allah ya taimake shi, kalma ɗaya ana iya lalubo ta da manhaja tunda jerin 2,048 ne, amma sai da ya yi kwanaki bai ci abinci da daɗi ba. Da huɗu ko biyar ya tsallake, da sai dai haƙuri.

Kuma babu wani mahaluki da ke da dalilin tambayarka waɗannan kalmomi. Ba ma'aikacin kamfani, ba mai kula da zauren Telegram, ba shafin da ya ce sai ka tabbatar da walet ɗinka kafin a sakar maka kyauta. Masu kirifton Pi da ke nan sun san kalmominsu 24, sun kuma san 'yan uwan da aka share wa asusu bayan an buɗe cinikinta a Fabrairun 2025, ta hanyar shafukan da suka ce a zuba kalmomin a karɓi ƙari.

Wajen tura kuɗi zan taƙaita. Akwai bairos da aikinsa ɗaya ne: ka kwafi adireshi, kafin ka manna ya musanya da na ubangidansa. Akwai kuma masu turo maka ɗan ƙwandala daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na wanda ka saba tura wa, don gobe ka kwafa daga tarihin cinikinka. Da wannan dabara aka ɗauke wa wani abin da ya kai kusan dala miliyan 68 a Mayun 2024, shi dai ya ci sa'a an dawo masa. Duba adireshi farko da tsakiya da ƙarshe. Duba hanyar da za ka bi, domin kirifton USDT ta kan Tron, mai adireshi da ke farawa da T, daban take da ta kan Ethereum mai farawa da 0x. Fara tura kaɗan, ya isa, sannan ka tura sauran.

Duk wannan da na faɗa, ga inda na tsaya: walet ɗin da ke kan kwamfuta mai shiga intanet aljihun gaban riga ne, na kuɗin kashewa. Jari ba ya zama a nan. Abin da in ya ɓace zai hana ka barci, a mayar da shi inda mabuɗin ba ya taɓa intanet. Don haka aka ƙera ƙananan na'urori irin Trezor, wadda kamfanin SatoshiLabs na ƙasar Cek ya fara fitarwa a 2014, da Ledger ta Faransa. Mabuɗin yana cikin na'urar ba ya fita, kwamfuta ta shirya ciniki, kai ka duba adireshin a ɗan allon na'urar ka danna da yatsa. Ko kwamfutar na da bairos, sai ya bi ta idonka. Amma a saya daga masu ƙerawa ko dillalin da suka lissafa a shafinsu, ba ta hannu ba. Wadda ta zo da kalmomi a rubuce cikin kwali tarko ce, mai sayarwa na da kwafi. Wanda ba shi da kuɗin na'ura, tsohuwar kwamfutar da ke kwance a ƙarƙashin gado ta isa: a share ta, a ɗora Electrum, kada ta sake ganin intanet har abada. A kwamfutar yau da kullum a ɗora walet mai kallo kawai, wanda ke nuna kuɗi amma ba ya iya turawa. Ranar tura kuɗi a shirya cinikin a nan, a kai can da filas ɗin da ba a komai da shi sai wannan, a sa hannu, a dawo da shi a aika. Akwai wahala, amma ajiyar da sau biyu a shekara ake taɓa ta, wahalar ba ta da yawa.

Sai bakinka. A 2020 an kutsa rumbun abokan cinikin Ledger, aka watsa suna da adireshin gida da lambar waya na mutum kusan 272,000. Mabuɗin kowa bai fita ba, amma ɓarayi sun san gidan da za su ƙwanƙwasa. A 2021 har jabun na'urori aka riƙa aika wa wasu ta gidan waya, da wasiƙar cewa a musanya tsohuwar. A Janairun 2025 an sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, a gidansa a Faransa, aka yanke masa yatsa kafin jami'an tsaro su kuɓutar da shi. A Faransa ke nan. Mu da muke zaune inda garkuwa da mutane ta zama abin da ta zama, ba sai na yi dogon bayani ga mai ɗora hoton ribarsa a Facebook ba. Haka nan in kwamfutar ta samu matsala za a kai wa mai gyara, a fara kwashe kuɗin zuwa wani walet, ko a cire ma'ajiyar a bar ta a gida. Mai gyaran na iya zama mutumin kirki, yaransa fa, da filas ɗin da yake sokawa a kwamfuta goma kullum?

Saura abu ɗaya da masu koyar da kirifto a intanet ba su cika taɓawa ba, mu kuwa ya zama dole a kanmu. Dukiyar nan in ka mutu ta magada ce, akwai haƙƙin marayu a ciki, akwai bashin da za a biya. Kuɗin banki, magada za su je kotu su karɓo takarda a sakar musu. Wannan kuwa in ka tafi da sirrin, ko alƙalin alƙalai bai isa ya fito da shi ba, zai zauna a kundin kowa na gani ba mai iya taɓawa. Ina roƙon duk mai walet a zauren nan, a cikin makon nan ya rubuta a wasiyyarsa cewa yana da irin wannan dukiya, da sunan walet ɗin, da inda takardar take. Kalmomin kansu kada su shiga wasiyya, domin ita hannuwa da yawa ke taɓa ta. Ya kuma zaunar da mutum ɗaya mai amana a cikin iyalinsa, matarsa ko babban ɗansa ko 'yarsa, ya koya masa yadda ake dawo da walet da ɗan ƙaramin kuɗi na gwaji, don kada ranar da ba ya nan su ɗauki takardar su kai wa wani a kasuwa ya duba musu.

Shugaba, na ga lokaci ya ja, a gafarce ni. Bayan an tashi ina nan a bakin ƙofa, wanda ya zo da kwamfutarsa ya kawo mu duba wace Windows ce a kanta, in nuna masa yadda ake fitar da zanen yatsan fayil. Amma wanda ya zo da takardar kalmominsa ya bar ta a aljihu, ko ni kada ya nuna wa.